Ƙwallon Kan Turke: Yadda Ƙananan Yaran Albion Suka Samu Shiga Fili

Albion ƙaramin gari ne a kudancin jihar Mishigan ta Amurka, kimanin kilomita 150 yamma da birnin Detroit, a daidai inda rassa biyu na kogin Kalamazoo suke haɗuwa. A shekarun 1950 garin yana cikin ganiyarsa. Kamfanin narkar da ƙarfe na Albion Malleable Iron, wanda aka kafa tun 1888, yana zuba sassan motoci yana aika wa manyan masana'antu. Kamfanin Corning ya buɗe masana'antar gilashi a garin a 1950, yana ƙera gilasan akwatin talabijin. Aikin ƙarfen ne ya tara wa garin jama'a iri-iri: baƙi daga Italiya da gabashin Turai, da baƙaƙen fata waɗanda kamfanin ƙarfen ya fara ɗaukowa daga Pensacola ta jihar Fulorida a 1916. Ƙidayar 1960 ta samu mutum 12,749 a garin, adadin da bai taɓa kaiwa ba kafin nan, bai kuma sake kaiwa ba har yau.

Yara ne suka fi komai yawa a garin. Da sojoji suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai aka yi ta ɗaurin aure, aka yi ta suna. Daga 1954 zuwa 1964 babu shekarar da ba a haifi jarirai sama da miliyan 4 a Amurka ba, a 1957 ma an kai miliyan 4.3. Makarantu suna rufewa a farkon Yuni, ba a komawa sai farkon Satumba, kuma waɗannan watannin su ne lokacin ɗumi a jihar da ƙanƙara ke rufe filaye a hunturu. Uba yana masana'anta, uwa tana fama da na goye, yara kuma ga su a titi tun safe. Saboda haka garuruwa irin Albion suke da sashen wasanni da nishaɗi, wanda ake biya da kuɗin harajin 'yan gari, aikinsa shi ne ya sama wa yara abin yi a dogon hutu. Babban abin yin kuwa a Amurkar wancan zamani shi ne besbol.

Ɗaya daga cikin masu horar da yaran shi ne Jerry Sacharski, malamin makaranta, wanda in an yi hutu yakan koma fili. Matsalar da ya tarar kowane mai ƙane ya san ta. An shirya wasa domin yaran da suka tasa, amma duk wanda ya zo sai ka ga ƙanensa biye da shi, ɗan shekara shida ko bakwai, ya rungumo safar hannu ta fata da ta fi hannunsa girma, ya tsaya bakin fili yana jira a kira shi. Doka ta ce bai kai ba. Sacharski ya bayyana daga baya cewa abin da ya gagare shi shi ne ya ce wa waɗannan ƙanana su koma gida.

Sai an san yadda wasan yake kafin a ga dalilin da ya sa ake korarsu. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da 'yan wasa tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili, sannan su yi musanya. A filin akwai tashoshi huɗu a jere kamar kusurwoyin murabba'i. Mai bugu yana tsaye a tashar gida riƙe da kulki, mai jifa kuma yana tsakiyar fili yana wurgo masa ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta ya kai kusan giram 145. In ya buga, sai ya jefar da kulkin ya ruga tasha ta farko kafin masu tsaro su tsince ƙwallon su riga shi kai ta can. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida ya ci maki ɗaya. In mai bugu ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ya fita. In mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, mai bugu ya tafi tasha ta farko kyauta. Ke nan wasan gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu biyu mafiya wuya: a jefa ƙwallo ta bi ta wani ɗan taƙin sarari da bai wuce faɗin tashar gida ba, a kuma daki ƙwallon da ke tafe a guje da sanda mai zagaye.

Ɗan shekara shida ba ya iya ko ɗaya. Jifansa ko ya faɗi ƙasa kafin ya isa, ko ya wuce saman kai, ko ya samu mai bugun a haƙarƙari. Wanda ƙwallo ta taɓa samu sau ɗaya kuwa, gobe in ya tsaya bugu ja da baya zai riƙa yi, ido a rufe. Tsoron ba na banza ba ne, domin ko a cikin manyan ƙwararru jifa ya taɓa kashe mutum: Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland, a 1920. A 1956 kuma hular kwano mai rufe kunnuwa ba ta zama ruwan dare a wasan yara ba tukuna. In an bar ƙananan su yi wasan manya, sai a wuni ana tafiya kyauta daga tasha zuwa tasha, sauran yara bakwai ko takwas suna tsaye a rana ba wanda ƙwallo ta zo wajensa.

An riga an yi yunƙurin rage wa yara wasan. A 1939, a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, wani ɗan gari mai suna Carl Stotz ya kafa Little League da ƙungiyoyi uku kacal, kowace da ɗan kasuwar da ya ba da dala 30 don riguna da kayan wasa. An buga wasan farko ranar 6 ga Yuni, 1939. Dabarar Stotz ita ce ya tsuke filin: tazarar tasha da tasha ta sauko daga ƙafa 90 zuwa 60, aka kuma matso da mai jifa kusa. Abin ya karɓu ƙwarai, har zuwa 1955 ya shiga dukkan jihohi 48 na lokacin. Amma Stotz ya bar mai jifa a wurinsa, don haka yaro sai ya kai shekara takwas ko tara kafin a karɓe shi. Na ƙasa da haka suna nan bakin fili.

Sacharski sai ya cire jifan ɗungurungum. Ya haɗa turke da bututun ƙarfe da guntun roba da yankin tiyon ban ruwa, ya kafa shi a tashar gida, tsayinsa daidai ƙugun yaro, ya ɗora ƙwallo a kai. Yaro ya zo ya gyara tsayuwa, ya dubi ƙwallon da ba ta motsi, ya kai mata duka. Turken kansa ba sabon abu ba ne. Ƙwararru sun daɗe suna atisaye da shi don gyara bugu, ciki har da ƙungiyar Brooklyn Dodgers a zamanin shugabancin Branch Rickey. Sabon abin shi ne a ɗauko kayan atisaye a gina cikakken wasa a kansa, da ƙungiyoyi da jadawali da dokoki, domin yaran da ba wanda ya taɓa shirya wa komai. A watan Yunin 1956 aka fara, a filin Victory Park, da yara maza kimanin 60 'yan shekara shida zuwa takwas. Sunan da aka sa wa shirin a lokacin shi ne Pee Wee, wato wasan 'yan ƙanana. Sunan tibol daga baya ya bi shi.

A ganina mutane sukan tsaya ga amfanin turken wajen mai bugu, su manta da babban amfaninsa, wanda yake wajen masu tsaron fili. Tunda kusan kowane bugu yana samun ƙwallo, to kusan kowane minti ƙwallon tana cikin fili tana gangarawa wajen wani. Dole yaro ya durƙusa ya tare ta, ya ɗago kai ya tuna inda zai jefa, ɗan'uwansa kuma ya tsaya a tasha ya cafke. A awa guda yaro zai taɓa ƙwallo fiye da yadda zai taɓa a wasanni da yawa na jifa. Ga kuma abin da ba a aunawa: yaron da ya ji ƙarar kulki ya haɗu da ƙwallo a hannunsa, ya ruga ya taka tasha ana kiran sunansa, gobe shi zai riga kowa zuwa. Wannan tunanin malamin aji ne. Mai neman kofi yakan zaɓi gwanaye ya sallami saura, malami kuwa an ba shi aji ne duka, dole ya nemi matakin da mafi rauni zai iya takawa.

Shirin ya zauna da gindinsa a garin, ya zama abin da iyaye ke sa rai da shi duk shekara. A 1960 Sacharski ya kwashi yaransa zuwa Jami'ar Jihar Mishigan da ke East Lansing, suka buga wasan gwaji aka ɗauka a talabijin, jaridu kuma suka ba da labari. Daga nan masu kula da wasanni na wasu garuruwa suka ga abin da ake yi a Albion. Ba a buƙatar izinin kowa, ba a buƙatar jari. Duk wanda ke da guntun bututu da fili da yara zai iya farawa ranar Asabar mai zuwa.

Sai dai Albion ba ita kaɗai ke da'awar wasan ba. A Warner Robins ta jihar Jojiya, garin da ya tashi a gefen sansanin sojan sama na Robins, daraktan sashen wasanni Claude Lewis ya kafa gasar tibol a watan Maris na 1958 da yara 20. Lewis ya yi abin da ya ba shi babban rabo a tarihin: ya rubuta dokoki, ya riƙa aika su ta gidan waya zuwa sassan wasanni na wasu garuruwa, har da ƙasashen waje. A Starkville ta jihar Misisipi, ƙungiyar Rotary ta garin tana cewa 'ya'yanta biyu, Clyde Muse da W. W. Littlejohn, su suka ƙirƙiro wasan a 1961 suka ƙara shi cikin shirin besbol na hutu. A yankin Milton na Fulorida kuma akwai Dayton Hobbs, shugaban makarantar firamare kuma mai wa'azi, wanda ya shirya nasa wasan, kuma ƙungiyarsa ta Gospel Projects ce ta yi wa sunan rajistar kasuwanci a farkon shekarun 1970.

In shekara za a bi, 1956 ta riga 1958 da 1961, Albion ce gaba. Amma ban ga dalilin ƙaryata sauran ba. Garuruwan nan suna da nisa da juna, kuma abin da ya tura Sacharski shi ne ya tura Lewis da Muse: haihuwa ta yi yawa, wasan ya fi ƙarfin ƙanana, turken atisaye kuma yana nan a idon duk wanda ya san besbol. Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin mutanen. Malamin makaranta, ma'aikacin hukumar gari, 'yan ƙungiyar sa kai, shugaban firamare. Babu attajiri a cikinsu, babu shahararren ɗan wasa, babu wata hukumar ƙasa da ta zauna ta tsara. Manyan ƙungiyoyi irin Little League daga baya suka karɓi wasan suka mayar da shi matakin farko na tsarinsu, inda a yau ake ɗaukar yara tun daga shekara huɗu.

Yadda ƙungiyoyin unguwa suka girma bayan haka kusan salo ɗaya ne a ko'ina, kuma salon Stotz ne na 1939. Iyaye kaɗan su zauna a falon wani ko a ajin makaranta, a zaɓi shugaba da ma'aji da mai rajista. A roƙi hukumar gari ko makaranta fili. A bi masu shaguna da gidajen mai da kamfanonin inshora, kowa ya ɗauki nauyin ƙungiya ɗaya, a buga sunansa a bayan riguna. Koci uban wani ne ko uwar wani, alƙalin wasa sau da yawa matashi ne da ya wuce ta wannan turken 'yan shekaru baya. Ana sayar da abinci da lemo a rumfar bakin fili don a sayi ƙwallaye da huluna. Raunin tsarin shi ne, iyaye suna tafiya da 'ya'yansu: yaro ya kai takwas ya haura mataki na gaba, uwarsa da ke riƙe da littafin kuɗi ta bi shi. Ƙungiyar da ta daɗe ita ce wadda ta samu mutum biyu ko uku da suka zauna bayan nasu 'ya'yan sun wuce, irin Sacharski da Lewis, waɗanda aikinsu ne tun asali su kula da 'ya'yan wasu.

Dokoki ma sun yi ta sauyawa daga gari zuwa gari. An kawo ƙwallo mai laushi. An sa hular kwano dole. Wurare da yawa kowane yaro sai ya yi bugu a kowane zagaye kafin a yi musanya, kuma kociyoyi suna tsayawa cikin fili suna nuna wa yara inda za su nufa, domin ba abin mamaki ba ne ɗan shekara biyar ya buga ƙwallo ya ruga tasha ta uku maimakon ta farko. Ƙungiyoyi da yawa ba sa rubuta maki sam. Wannan ya daɗe yana jawo gardama a Amurka, inda wasu ke cewa ana sangarta yara, ana hana su sanin ɗacin kaye. Ni ina tare da masu barin maki a wannan shekarun. Yaron da bai gama sanin hagu da dama ba, abin da yake buƙata shi ne ya riƙe kulki daidai, ya jira layinsa, ya so dawowa. Kaye yana nan yana jiransa a shekara tara da goma, kuma zai fi iya ɗaukarsa in ya riga ya so wasan. Sau da yawa ma ba yaran ne ke neman allon maki ba, manyan da ke zaune a benci ne.

Akwai waɗanda ko turken bai buɗe wa ƙofa ba da farko. Yaran Victory Park na 1956 maza ne. Little League ta haramta wa 'yan mata wasa a rubuce, har sai da aka kai ruwa rana a kan wata yarinya, Maria Pepe ta garin Hoboken a jihar New Jersey, wadda aka cire daga ƙungiyarta a 1972 bayan wasa uku. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar ta yanke hukunci a 1973 cewa cirewar ta saɓa doka, a 1974 kuma Little League ta buɗe wa 'yan mata. Tibol ne ya fi kowane mataki cin moriyar wannan, domin a shekara biyar da shida babu wani bambancin ƙarfi da za a fake da shi. A yau ƙungiyoyin tibol na maza da mata a haɗe su ne aka fi gani, daga nan wasu su bi besbol, wasu su bi softbol, wasan da ya yi kama da shi.

Wasan ya ƙetare teku. Ya samu gindin zama a Ostareliya, musamman jihar yammacin ƙasar, inda unguwannin birnin Perth suke da kulob-kulob nasu na tibol, haka kuma a Niyu Zilan da Kanada. A Japan makarantun firamare sun ɗauke shi a darasin motsa jiki. A Amurka kuma ya kai har fadar shugaban ƙasa. Shugaba George W. Bush, wanda ya buga Little League yana yaro a Midland ta jihar Texas, ya kuma taɓa zama cikin masu ƙungiyar Texas Rangers, ya sa aka shata filin tibol a farfajiyar kudu ta Fadar White House. An buga wasan farko ranar 6 ga Mayu, 2001, aka ci gaba da yi har ƙarshen mulkinsa, kuma a cikin waɗanda aka gayyata har da ƙungiyoyin yara masu naƙasa.

Garuruwan biyu da suka fi ƙarfin da'awa, kowanne da inda rabo ya kai shi. Warner Robins, wadda ƙauye ce mai suna Wellston kafin a gina sansanin soja a farkon shekarun 1940, ta haura mutum 80,000 a ƙidayar 2020. A watan Agustan 2007 yaranta 'yan shekara 12 suka ci gasar duniya ta Little League a Williamsport, suka doke wata ƙungiyar Tokyo da ci 3 da 2 bayan ƙarin zagaye. Abin da mutane suka fi tunawa daga ranar shi ne yadda yaran Jojiya suka bar murna suka je suna rungumar yaran Japan da ke kuka a fili. A 2009 'yan matan garin suka ci gasar duniya ta softbol, kuma Little League ta mayar da hedikwatarta ta yankin kudu maso gabas zuwa garin.

Albion kuwa masana'antun da suka tara yaran 1956 sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Corning ta rufe a 1975. Tsohon kamfanin narkar da ƙarfe, bayan ya sauya suna da masu shi, ya kashe wutarsa a 2002. Sacharski ya rasu a 2009 yana da shekara 93, bayan ya ga wasan da ya haɗa da bututu da tiyo ya zama ƙofar da miliyoyin yara ke shiga besbol ta cikinta. Yaran garin suka yi ta raguwa har aka rufe babbar sakandaren Albion a 2013, a 2016 kuma aka haɗe makarantun garin gaba ɗaya da na Marshall, maƙwabciyarta ta yamma. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 7,700 a Albion.